Wankin mota ba ruwa: kwalbar ke karce fenti ko yashin Maradi?

Wata huɗu kenan da wani ƙanena ya dawo daga Kano ya miƙo mani wata kwalba mai kan feshi, irin ta maganin goge bitir, haɗe da tsummoki biyu masu laushi launin ɗorawa, ya ce yaya ga abin da za ya raba ka da layin lavaj. Na ce mi ne ne kuma, ya ce wankin mota ne ba ruwa, ka fesa ka goge shikenan. Na yi godiya na jefa a kofur, a raina ina cewa wanga ai na ƙasashen da ba su san hazo ba ne. Ta yi sati uku a nan ban taɓa ta ba, sai ranar da pampo ya ɗauke tun safe, ɗan garuwa bai biyo ta layinmu ba, ga ɗaurin aure ƙarfe goma, ga mota kamar an barbaɗa mata garin dawa.

Motar Corolla ce baƙa, tsohuwa dai amma fentinta na asali ne in ka cire ƙofar baya ta dama da wani mai kabu-kabu ya taɓa shafa aka sake fesawa. Duk mai baƙar mota a garin nan ya san abin da nake nufi, ka wanke da safe, kafin ka taso daga Ali Dan Sofo ka isa babbar kasuwa ta koma ruwan ƙasa. Tau ranar na fesa na goge, mota ta yi ƙyalli har wani abokina a wurin ɗaurin auren ya tambaye ni ko sabon fenti na yi. Da na faɗa mashi abin da na yi sai wani dattijo da ke gefenmu, tsohon direba ne, ya girgiza kai ya ce ɗana ka kashe fentinka da hannunka, nan da wata shida za ka gani. Daga nan gardama ta tashi, rabi na cewa ai Turawa da shi suke wanki, rabi na cewa yaudara ce ta 'yan kasuwa. Ni dai na koma gida da shakka, shi ya sa na zauna na bi abin a hankali, na kuma gwada a jikin motata, kuma abin da na gano shi ne kowane ɓangare na da gaskiyarsa amma dukkansu sun bar ainihin mai laifin suna jifan kwalba.

Mu fara da fentin kansa, don mutane da yawa na ɗauka wani abu ne mai kauri kamar shafen siminti. Fentin motar zamani, tun wajen shekarun 1980 da aka koma wa wanga tsari, hawa-hawa ne. Akwai ƙarfe, sai shafen da ke hana tsatsa, sai na share fage da masu fenti ke ce ma apre, sai launi, sai kuma na sama wanda ba shi da launi ko kaɗan, garau yake kamar ruwa, shi ne berni. Ƙyallin da kake gani duk na berni ne, launin da ke ƙasansa in ba shi dusu-dusu yake. Dukkan hawan nan in ka haɗa su galibi ba su wuce mikron 100 zuwa 180 ba, berni kaɗai kuma wajen mikron 40 zuwa 50. Mikron shi ne in ka raba milimita ɗaya gida 1000. In lissafin bai shiga ba, ɗauki farar takardar fotokofi guda, kaurinta wajen mikron 100 ne, tau abin da ke kare launin motarka daga ranar Maradi bai fi rabin wagga takarda ba. Kuma ba ya tsirowa, in ya tafi ya tafi.

Kuma berni ba gilashi ba ne ko da yake yana kama da shi, dangin roba ne da ya bushe ya yi tauri. Akwai wani ma'auni na taurin duwatsu da wani Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u shi ke da 10, farcen mutum wajen 2.5, gilashi wajen 5.5. Yashi kuma, wanga da muke takawa kullum daga Zariya har Bagalam, mafi yawansa ƙwayoyin dutsen kwarts ne, shi yana da 7. Ka ga kenan yashi ya fi gilashi tauri, bare berni da ke can ƙasa. In kana son shaida ba sai ka je nesa ba, dubi parabiris na kowace tsohuwar taksi ko mota mai zuwa Dan Isa, za ka ga zanen baka inda share-ruwa ke bi, ba robar ce ta yanka gilashin ba, yashin da ta ja ne shekara da shekaru. Abin da ya ci gilashi mi kake tsammani za ya yi wa fenti?

Saboda haka duk maganar karce ta dawo wuri ɗaya, ƙwayar yashi ta shiga tsakanin tsumma da fenti, hannu ya danna, ya ja. Ko da ruwa ko ba ruwa, ko da sabulu ko da addu'a, in abu ukun nan suka haɗu sanfefa ka yi. Aikin ruwa a wanki na gaskiya ba wai shi ke sa ƙyalli ba, aikinsa shi kwashe yashin ya zubar ƙasa kafin hannu ya taɓa jikin motar. Tau tambayar da ya kamata a yi ita ce, in an cire ruwan, mi za ya yi wanga aiki?

Abin da ke cikin kwalbar, in ta kirki ce, mafi yawansa ma ruwa ne, sunan ne dai aka ƙawata. An haɗa shi da sinadarin da ke sassauta datti irin na sabulu amma mara kumfa, da masu sa santsi, wasu kuma su ƙara kaki, sau da yawa kakin karnuba da ake samu daga ganyen wani irin giginya na arewa maso gabashin Barazil. In ka fesa, ruwan ya jiƙa ƙurar ya lulluɓe ƙwayoyinta da santsi ta yadda za su sulale maimakon su tona. Sauran aikin na tsumma ne, kuma a ganina tsumman ya fi kwalbar muhimmanci. Tsumman mikrofibir zarensa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, galibi kashi 80 poliyesta kashi 20 nailan, ko 70 da 30, an tsattsaga zaren ya yi ƙananan lunguna, ƙura na shigewa ciki ta ɓuya nesa da fenti. Tsohuwar riga ko tsumman atamfa ba su da wurin ɓoye komi, abin da suka ɗauka yana nan a fuskarsu suna ja da shi.

Wato dabarar tana aiki, amma tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce yawan ƙurar da girman ƙwayarta. Lungunan tsumman in sun cika sun cika. Santsin kuma yana iya ɗaukar ƙura mai laushi, ba ya iya ɗaukar tsakuwa. Masu yin abin da kansu suna rubutawa a bayan kwalba cewa na mota mai ƙura kaɗan ne, in akwai laka ko datti mai kauri a fara ɗauraye ta. Matsalar ita ce ƙura kaɗan a Faransa ko Amurka, inda mota ke kwana a garaj ta bi gudoro ta dawo, ba ita ce ƙura kaɗan a Maradi ba. Mu nan abin da muke ce ma mota mai tsabta su can sai su ce daga daji ta fito.

Nan ne na tsaya na rarrabe ƙurarmu, don ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta hunturu, wadda ke sauka da dare tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu ko Maris, fara-fara mai laushi kamar hoda, ka shafa da yatsa ba ka jin komi. Mai yawa daga cikinta iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ƙasan wani tsohon tafki da ya ƙafe, wurin da ya fi ko'ina a duniya tada ƙura, har tana ƙetare teku ta sauka a dajin Amazon. Abin dariya, ƙurar ta tafi Barazil, kakin da za a goge ta da shi ya taho daga Barazil. Wagga ƙura tunda ta yi tafiya mai nisa a sama manyan ƙwayoyin sun zube a hanya, abin da ya iso mai laushi ne, duk da haka akwai ɗan kwarts a ciki, ba a ce ba ta da haɗari ba sam. Sai kuma ta biyu, yashin unguwa, wanda tayarka da tayar na gabanka ke watsawa a ƙasan ƙofofi, bayan tayoyi, da bayan mota gaba ɗaya. Wanga in ka murza shi tsakanin yatsu kana jin sa, gurus-gurus. Ta ukku ita ce mafi muni, ta damina, iskar hadari ta taso da jan yashi ta lulluɓe gari, ruwa ya ɗan yayyafa a kai, rana ta fito ta gasa, sai ya manne kamar yaɓe. Haka ma jar ƙasar titin ƙauye in ka je kasuwa ka dawo.

Don in gani da idona sai na kai motar wajen wani mai fenti da na daɗe da sani, dattijo ne, na ce Baba ina son ka goge mani kapo da inji ya fita tas ba zane ko ɗaya. Ya yi dariya ya ce kai kuma da wace sabuwar fitina ka zo, amma ya yi, ya kuma gargaɗe ni cewa kowane gugan inji yana cin berni kaɗan, kada in mayar da shi al'ada. Na dawo gida na raba kapon gida ukku da sikoc. Hagu kwalba da mikrofibir, tsakiya busasshen tsumma irin yadda yaron gida ke yi kowace safiya, dama kuma ruwa, in zuba da buta ya gangare da ƙurar sannan in wanke da sabulu. Kowane dare in kashe fitilar tsakar gida in haska da tocilan na waya a karkace, don karce irin wanga ba ya fitowa a inuwa, sai a ƙarƙashin haske guda mai ƙarfi, ka ga zane-zane sun zagaye hasken kamar saƙar gizo.

Tsakiyar ba ta kai sati ba ta fara saƙar gizo. Wallahi har na ji kunya, don shekara nawa ana yi wa motar haka kowace safiya ina zaune ina shan shayi ina cewa yaro ya iya aiki. Dama, ta ruwa, ta zauna lafiya, sai ɗan zane ɗaya biyu da sai ka ƙura ido. Hagu kuma, ta kwalba, bayan sati ukku na ƙurar kwana ɗaya ko biyu, bambancinta da ta ruwa kaɗan ne, akwai siraran layuka nan da can amma ba abin da za ya hana ka barci ba. Da a nan na tsaya da na ce dattijon ɗaurin aure bai san abin da yake faɗa ba.

Amma akwai wata yaudara da ya kamata kowa ya sani. Kakin da ke cikin kwalbar yana cike ƙananan karce, ya ɓoye su. Ka goge, ka karce, a lokaci guda ka rufe shaidar, mota na ƙyalli kana murna. Sai bayan an yi wanki mai ƙarfi da omo ko rana ta ƙone kakin sannan zanen ya bayyana, mutum ya ce masu lavaj ne suka ɓata mashi mota. Shi ya sa kafin in duba nake ɗiga alkol na farmasi da na sirka da ruwa a tsumma mai tsabta in share wurin, ya cire kakin in ga fuskar berni tsirara. Duk wanda ya nuna maka bidiyo a TikTok ya fesa ya goge laka mota ta fito tana walƙiya, tambaye shi ko ya share da alkol ya haska tocila. Ba za ya amsa ba.

Ranar da na ci tuwon gaskiya kuwa wata Juma'a ce da na dawo daga ƙauye ta'aziyya, motar ta sha jar ƙasa har bitir, kuma na riga na saki jiki da kwalbar. Na fara daga sama, rufi ya tafi lafiya, na sauko ƙofar direba, ina kai tsumman ƙasa da hannun ƙofa sai na ji wata 'yar ƙara, shuuu, irin ta tsintsiya a kan siminti. Na tsaya. Na juya tsumman na ga ya yi ja jawur, ƙwayoyin yashi na ƙyalli a samansa ba su shige ciki ba. Da dare na haska, layuka biyar dogaye a jere daidai yadda hannuna ya bi, ɗaya har farce na kama shi. Ƙa'idar masu fenti kenan, in ka shafa ruwa a karce ya ɓace tau a berni yake kawai, inji na iya fitar da shi, in farce ya maƙale a ciki ya yi zurfi, in ka ga fari ko toka ya kai apre, sai fenti. Wanga layi yana nan har yau a ƙofar, kullum in zan buɗe sai na gaishe shi. Tun ranar na riƙe abu ɗaya, kunne ya fi ido, in tsumma na ƙara a jikin mota ka ɗaga hannu.

Tau amma kada masu lavaj su yi saurin tafi, don in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Wankin ruwa da ake yi a wurare da yawa bai fi kwalbar tausayin fenti ba. Wurin da ke da inji mai feso ruwa da ƙarfi, ya fara kwashe yashin kafin a taɓa, wanga ya yi rabin aiki mai kyau. Amma je ka tsaya ka kalli sauran. Bokiti ɗaya, soso ɗaya, a wanke taya da shi a tsoma a dawo kapo, ruwan ya koma kamar kunun kanwa ana ci gaba da tsomawa, soso ya faɗi ƙasa a kaɗe shi sau biyu a cinya a ci gaba. Ga omo, wanda aka yi don ya fitar da maiƙo daga tufafi, yana wanke duk wani kaki da ke kare fentin yana busar da robobi. Wasu har gazwal suke ɗigawa a ruwan wai don ƙyalli, ƙyallin kwana ɗaya da ke kiran ƙura kamar an aike ta. Ban ga laifin yaran ba, jikka guda ko jikka da rabi kake ba su, layi na jiransu, kuma ba wanda ya taɓa nuna masu bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso. Na taɓa ce ma ɗaya daga cikinsu ƙanena don Allah canza ruwan nan kafin ka hau rufi, ya ce tau Alhaji, ya canza, abin bai ɗauke shi minti biyu ba. Sau da yawa mu masu motar ne ba mu magana, muna can ƙarƙashin rumfa muna danna waya.

Sai zafi, wanda shi ba a rubuta shi da manyan baƙi a kwalba ba amma a nan shi ne rabin labarin. Daga Maris zuwa Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa, baƙar mota da ta tsaya a rana ba ka iya ɗora tafin hannu a kapo. Ka fesa a irin wanga ƙarfe, kafin ka ɗauko tsumma ya bushe, santsin ya tafi, abin da ya rage kana goge busasshiyar ƙura ne da tsumma mai tsada, ga tabo ya bari. Dole sai da sanyin safiya bayan asuba, ko can bayan la'asar a inuwa in ƙarfen ya huce, kuma ɓangare-ɓangare, rabin ƙofa ka gama ka matsa. Ka fesa da yawa har ya jiƙe sosai, rowa a nan ita ke karce mota, ka ba shi ɗan lokaci ya ratsa, sannan ka ja tsumman sau ɗaya a miƙe ba danna ba, ba zagaye-zagaye kamar mai shafa man kaɗe ba. A ninke tsumman gida huɗu, za ya ba ka fuska takwas, kowace fuska ja ɗaya ko biyu ka juya. Na biyun busasshe shi ke bi baya ya fito da ƙyalli. Daga sama zuwa ƙasa, ƙasan ƙofofi da bayan taya su ne na ƙarshe da tsumman da ba za ya sake komawa sama ba.

Wanda ya kawo mu ga tsummoki biyun da ƙanena ya haɗo ni da su. Ba su isa ba ko kusa. Ƙaramar mota a ƙurarmu tana cin shida zuwa takwas, in ka tsaya kan biyu tau daga ƙofa ta biyu yashin ƙofa ta farko kake yawo da shi. Kuma mikrofibir akwai fitina, abin da ya sa ya kama ƙura shi ya sa yake kama komi. Ya faɗi ƙasa a tsakar gidanmu mai yashi, ya gama aiki ranar, kaɗewa ba ta fitar da shi. Na taɓa shanya ɗaya a kan igiya iska ta kayar da shi bayan gida ya kwaso ƙarangiya, na zauna ina cire ta ɗai-ɗai na gaji na mayar da shi na goge taya. A yanke 'yar takardar da ke gefensa don ita ma tana zane, a wanke su su kaɗai ba tare da kayan auduga ba, ban da maganin laushin tufafi don yana toshe lungunan, a ajiye a leda. Ka lura, wankin tsummokin kansa na cin bokiti ɗaya ko biyu, wato ba ruwan nan dai da ɗan ruwa.

Duk da haka ribar ruwan ba wasa ba ce. Tiyo a buɗe na minti goma yana iya zubar da fiye da lita 100, wankin bokiti a gida bido biyu masu lita 25 sun tafi, kwalbar kuwa ba ta cin rabin lita a wanki ɗaya. A gari irin namu da ruwan sama wata huɗu ne kawai, Yuni zuwa Satumba, kuma lokacin zafi mata na bin layin pampo tun dare, mutum na jin nauyin ya tsaya yana malalar da ruwa a ƙofar gida don ƙarfe. Ta wajen kuɗɗi kuwa ban ga riba ba. Kwalbar kirki daga waje take zuwa, in ka fesa yadda ya kamata ba ta wuce wanki kaɗan ba, ka haɗa da kuɗɗin tsummoki, lavaj ya fi arha. Sai dai in ka samu irin mai kauri da ake sirkawa da ruwa, shi yana daɗewa. Kuma a yi hattara da kasuwa, ba duk kwalba mai hoton mota ba ce, akwai na goge bitir, akwai na ƙyallin tablo, akwai wanda ruwa ne da turare. Fesa a yatsa ka murza, in ba ka ji santsi sosai ba kada ka kai shi jikin fenti.

Akwai kuma wata hanya ta tsakiya da ni a ganina ita ta fi dacewa da mu, wanki ba ɗauraya. Wani ruwa ne mai kauri, sanannensa shi ne Optimum No Rinse na Amurka, ana zuba wajen mililita 30 a lita 8 na ruwa, ka jiƙa tsummoki a ciki ka riƙa ɗauko su ɗai-ɗai sharkaf kana shafawa kana busarwa, ba kumfa ba ɗauraya. Tunda ruwan ya fi yawa, yashin na samun abin da za ya tafi da shi. Samunsa a nan sai an sa an taho maka da shi, shi ya sa ni na yi tawa dabarar, na sayi ƙaramin famfon feshi irin na masu lambu, sabo wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba, in cika shi da ruwa lita biyar in bi ƙasan ƙofofi da bayan motar in kore yashin, sannan in ɗauko kwalbar. Tun da na fara haka ban sake jin shuuu ɗin nan ba. In motar ta sha laka ko hadari ya yi mata yaɓe kuwa ba na ko gwadawa, lavaj kai tsaye, don dama kwalba ba ta shiga ƙarƙashin mota, ba ta wanke cikin kaskon taya, ba ta fitar da ƙura daga radiyato.

Inda kwalbar ta fi burge ni ma ba a wanki ba ne. Mu masu neman inuwar bedi mun san kashin tsuntsu da na jemage, yana da ƙarfi, rana ta gasa shi a kan berni kwana biyu sai ya bar tambarin da ba ya fita. Da can in na gani sai in kankare da takarda ko farce, wanda shi ma karce ne don akwai tsakuwa a kashin. Yanzu in fesa, in ɗora tsumma a jiƙe minti biyu, in ɗaga, ya taho gaba ɗaya. Don wanga kaɗai ma tana zama a kofur.

Ƙofar nan da aka sake fesawa ita ta ba ni mamaki na ƙarshe. Na goge ta sai na ga tsumman ya yi baƙi, ba baƙin datti ba, baƙin fenti. Na koma wajen Baba, ya shafa da babban yatsa ya ce ai wagga ba a sa mata berni ba, fenti mai hawa ɗaya ne aka yi maka don arha, rana ta ci samansa ya zama gari. Irin wanga fenti ya fi laushi, yana zanuwa da wuri, haka ma motocin da berninsu ya fara ɓarewa a rufi da kapo kamar fatar maciji, su ba kwalbar da za ta yi masu komi. Farar mota da ruwan azurfa kuma suna karcewa daidai da baƙa, ido ne kawai ba ya gani, shi ya sa masu farar Hilux ke rantsuwa cewa su tsumma bai taɓa ɓata masu fenti ba.

Yaron gida na hana shi busasshen tsumma, abin bai yi mashi daɗi ba don yana ganin kamar na raina aikinsa ne, sai da na kira shi da dare na haska mashi tsakiyar kapon ya gani da idonsa. Yanzu in ƙura ta kwana ɗaya ce ya fesa ya goge, in ta fi haka ya bar ta haka nan har Lahadi. Kwalbar farko ta ƙare makon jiya, na aika ma ƙanena ya taho da wata, na ce wannan karon ya haɗo da tsummoki goma.